Haƙorin da ya fito ƙarami

Yara, yau darasinmu yana cikin bakinku. Kowa ya sa harshe ya taɓa haƙoransa na sama, ya fara daga tsakiya. Biyun nan masu faɗi su ne haƙoran gaba na tsakiya. Kusa da kowane ɗayansu akwai wani wanda bai kai shi faɗi ba, shi ne haƙorin gaba na gefe. Bayansa sai fiƙa mai tsini, sannan turame, waɗanda muke tauna da su. Ku riƙe haƙorin gaba na gefe da kyau, don a kansa za mu daɗe.

A nan Arewa mutane da yawa suna cewa haure. A cikin littattafai an fi rubuta haƙori. Duka biyu Hausa ne, kada ku yi wa kowa dariya a kan wannan.

Mutum yana yin haƙora sau biyu a rayuwarsa. Na farko su ne haƙoran nono, guda 20. Suna fara fitowa tun jinjiri yana da wata 6, su cika yana wajen shekara 3. Daga shekara 6 sai a soma famfara, haƙoran nono suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har zuwa wajen shekara 12, na manya suna maye gurbinsu. Haƙoran manya 32 ne idan sun cika: na gaba 8, fiƙoƙi 4, ƙananan turame 8, manyan turame 12. Huɗu na can ƙurya ba sa fitowa sai mutum ya kai shekara 17 ko fiye. Bayan waɗannan babu wasu. Haƙorin manya idan ya fita, ya fita ke nan.

Labarin wata ɗaliba

Shekarar da na fara koyarwa, an tura ni wani ƙauye na gundumar Tibiri, ba nisa da Kore Mai Ruwa. A cikin ajina akwai wata yarinya mai shekara 10. Ta iya karatu sosai, amma in na ce ta tashi ta karanta, sai ta sa hannu ta rufe baki, muryarta ba ta fita. Na ɗauka kunya ce. Daga baya na ji ƴan ajin suna kiranta mai haƙorin ɓera. Haƙoranta na gaba na gefe, na sama, dama da hagu, ƙanana ne sirara masu tsini, kamar an dasa ƙwayar shinkafa a dasashi.

Wata ranar Laraba da safe sai ga uwarta a ƙofar aji. Muka gaisa, ta ce:

"Malam, gobe ɗiyata ba za ta zo makaranta ba. Za mu kai ta wurin wanzami ya cire mata haure biyun nan da suka ƙi famfara. Sun tsare wa na manya hanya."

Na ce: "Inna, kin tabbata ba su taɓa faɗuwa ba?"

Ta ce ita dai ba ta lura ba, yara sun yi mata yawa. Sai na kira yarinyar na tambaye ta. Ta ce sun faɗi tun da kaka, shekara biyu da suka wuce, har ta jefa su bisa ɗaki ta rufe baki don kada ƙadangare ya ga giɓin. Waɗannan da muke gani su ne suka fito daga baya.

Gabana ya faɗi. In dai na nono sun riga sun faɗi, to waɗannan na manya ne, kome ƙanƙantarsu. A makarantar horon malamai an koya mana ƙidayar haƙora, amma ba a koya mana sunan wannan abu ba. Na roƙi uwar ta dakata har mu ga babban ma'aikacin jinya, wanda muke ce wa majo. Ta yarda, ba da son ranta ba. Majo ya duba bakin yarinyar, ya girgiza haƙoran da yatsa ya ji suna da ƙarfi, ya ce kada a taɓa su. Sannan ya rubuta mini kalma ɗaya a takarda: microdontie.

Ma'anar kalmar

Kalmar nan doguwa ce, amma ba ta da wuya idan an raba ta biyu. Faransanci aro ta ya yi daga tsohon harshen mutanen Girka. A wannan harshe mikros yana nufin ƙarami, odontos kuwa yana nufin na haƙori. In an haɗa su, sai ma'anar ta fito: ƙanƙancin haƙori. Haka za mu riƙa faɗi da Hausa a cikin ajinmu.

Kun riga kun san rabin farko na kalmar ba tare da kun lura ba. Microbe ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani saboda ƙanƙanta. Microscope kuwa na'ura ce ta duba ƙananan abubuwa. Duk inda kuka ga micro a farkon kalma, ku nemi ƙaramin abu a cikin ma'anarta. Kishiyarsa macro, wato babba. Saboda haka macrodontie ita ce girman haƙori fiye da kima. Harafi ɗaya ne ya raba su, i da a, sai ku yi hankali wurin rubutu. Za ku ji wasu sun ce mikrodonsi, wasu sun ce mikrodonti, amma rubutun ɗaya ne. Likitocin Nijeriya, da yake da Ingilishi suka yi karatu, microdontia suke cewa.

Da Faransanci kalmar mace ce, ana cewa la microdontie, ko une microdontie. Kuma sunan halin da haƙori yake ciki ne. Ba sunan haƙorin ba ne, ba kuma sunan mutumin ba ne. Ga misali:

Le dentiste a trouvé une microdontie. Likitan haƙori ya gano ƙanƙancin haƙori.

Cette élève a une microdontie. Ɗalibar nan tana da ƙanƙancin haƙori.

Muna cewa tana da shi, kamar yadda muke cewa tana da wushirya. Ba ma mayar da shi laƙabi.

Ba kowane ƙaramin haƙori ba

A nan ne ake yin kuskure, don haka a nan za mu tsaya. Ana amfani da kalmar ne kawai idan haƙori ya fito ƙarami tun asalinsa, bai kai girman da irinsa yake kaiwa a bakin sauran mutane ba. Wato ana gwada fiƙa da fiƙa, turmi da turmi, na nono da na nono, na manya da na manya.

Ga awo don ku gane. A bakin babban mutum, haƙorin gaba na tsakiya na sama yana da faɗin milimita 8 zuwa 9. Na gefensa yana da wajen milimita 6 da rabi. Ashe ke nan na gefe kullum ya fi na tsakiya ƙanƙanta, kuma wannan ba kome ba ne, haka halittar take. Amma idan na gefen ya tsaya a milimita 3 ko 4, ya tsuke daga gindi zuwa baki kamar turke, to shi ne ake kira da sunan nan.

Haƙoran nono ƙanana ne, amma ba su da ƙanƙancin haƙori, girmansu ke nan. Ku tuna abin da iyayenku suke yi a kasuwar dabbobi ta Dogonduci idan Layya ta gabato. Mai saye yakan buɗe bakin rago ya duba. Rago ba shi da haƙoran gaba a sama, 8 gare shi a ƙasa. Idan ya wuce shekara ɗaya, biyu na tsakiya sukan faɗi, manya biyu su fito, sauran shida na nono su zauna gefensu ƴan ƙanana. Ba wanda yake cewa ragon nan yana da ciwon haƙori. An san bai gama famfara ba ne. Bakin yaro mai shekara 7 ko 8 ma haka yake: manya biyu a tsakiya kamar tagogi, ƙanana a gefe suna jiran lokacinsu.

Haƙorin da ya karye ba ya cikin wannan suna. Haka wanda ya ruɓe ya rage guntu. Haka na tsofaffi, waɗanda suka side saboda shekaru da taunar abu mai tsakuwa. Duk waɗannan da girmansu suka fito, daga baya ne suka ragu. Haƙorin da bai gama fitowa ba shi ma sai a ba shi lokaci, don rabinsa yana cikin dasashi.

Akwai kuma wani abu dabam wanda ya kamata ku sani, domin ya faru a ƙasarmu. Ban da Tibirinmu na jahar Doso, akwai Tibirin Gobir kusa da Maraɗi. A can, daga 1985 zuwa 2000, mutanen gari sun sha ruwan famfo mai ɗauke da wani sinadari da ake kira fluor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligram ɗaya da rabi a cikin lita ɗaya, ruwan Tibiri kuwa ya ninka haka fiye da sau uku. Dubban yara suka kamu. Haƙoransu suka yi ja-ja da dabbare-dabbare, suna gutsurewa, wasu har ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. Sunan wannan ciwo fluorose. Daga ruwa yake zuwa, kuma ana kare shi idan an sake ruwan sha. Ƙanƙancin haƙori ba daga ruwa yake ba. Wanda ya haɗa sunayen biyu zai nemi magani inda ba ya.

To, yaya za a bambanta haƙorin nono da ya daɗe bai faɗi ba da na manya wanda ya fito ƙarami? Na nono ya fi fari, bakinsa a side yake, kuma in lokacinsa ya yi yana girgiɗa. Na manya farinsa bai kai haka ba, yana da tsini, kuma a kafe yake daram. Sannan a tambayi yaron ko wani ya taɓa faɗuwa a wurin. Na gefe na sama yakan fito tsakanin shekara 8 da 9. Idan har yanzu ana shakka, hoton likita, wanda muke ce wa radiyo, shi yake raba gardama, don yana nuna ko akwai wani haƙori a ɓoye cikin muƙamuƙi.

Iri uku

Likitocin haƙori sun kasa abin kashi uku. Wanda aka fi gani shi ne na haƙori ɗaya ko biyu kawai, sauran duka lafiya lau. Ya fi kama haƙorin gaba na gefe na sama, irin na ɗalibata, sai kuma turmin ƙarshe na can ƙurya. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna ce wa irin wannan haƙori riziforme, wato mai siffar ƙwayar shinkafa, daga kalmar riz. Na yi murna da na ji haka, don abin da idona ya gani ke nan tun kafin in san sunan. A duniya, cikin mutum 100 ana samun wajen 2 masu irin wannan haƙori, kuma mata sun ɗan fi maza. Ku lissafa da kanku: a makaranta mai ɗalibai 300 ba abin mamaki ba ne a sami biyar ko shida.

Iri na biyu shi ne haƙora duka su fito ƙanana, sama da ƙasa. Wannan ba a cika ganinsa ba, kuma yakan zo ne tare da wani hali na jiki gaba ɗaya. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka kamar ƙwayar wake, wadda take fitar da sinadarin girma. Idan ba ta aiki sosai tun yarinta, yaro ba ya tsawo, haƙoransa ma sukan kasance ƙanana. Yaran da aka haifa da halin da ake kira trisomie 21 su ma sau da yawa haƙoransu ƙanana ne. Haka yaron da aka yi wa magani mai ƙarfi na ciwon daji yana ɗan ƙarami, lokacin da haƙoransa suke ginuwa.

Iri na uku kuwa ruɗin ido ne. Haƙoran daidai suke, ko kusa da daidai, muƙamuƙin ne mai faɗi. Sai su zauna warwatse da fili a tsakaninsu, mai kallo ya ga kamar ƙanana ne. Ku zuba gyaɗa goma a cikin ludayi, ku zuba wasu goma a cikin babbar ƙwarya. Na ƙwarya za su yi kamar ba su da yawa, alhali duk ɗaya ne. Wushirya ma fili ce tsakanin haƙora biyu masu cikakken girma, kuma mu a wurinmu ado ce. Giɓi kuwa wurin haƙorin da ya fita ne.

Daga ina yake zuwa?

Haƙori ba ya girma bayan ya fito. Wannan magana tana ba yara mamaki, don sun ga farce da gashi suna tsawo kullum. Haƙori a cikin muƙamuƙi ake gina shi, a ɓoye, shekaru kafin a gan shi. Na gefe na sama yana fara ƙwari tun yaro yana wajen shekara ɗaya, kansa ya gama ginuwa a shekara 4 ko 5, sannan ya jira sai shekara 8 ya leƙo. Kamar tukunya ne. Mai ginin tukwane tana iya ƙara mata faɗi tun yumɓu yana ɗanye, amma in an gasa ta, girmanta ya tsaya. Shi ya sa babu abinci, ko sassaƙe, ko allura da za su ƙara wa haƙori girma bayan ya fito.

Mafi yawan lokaci gado ne. Idan kun bincika, za ku tarar uwa, ko uba, ko wata gwaggo tana da irinsa. Wani lokaci a dangi ɗaya a sami wanda nasa ya fito ƙarami, a sami wanda nasa bai fito ba sam. Har a baki ɗaya ma yakan faru: ƙarami a dama, babu kome a hagu. Da na faɗa wa uwar ɗalibata haka, sai ta yi shiru, can ta ce ƙanwar mijinta ma haka nata suke, kuma ta yi aure ta haifi ƴaƴa shida.

Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma ƙadangare ne ya ga giɓin ba. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko da kun sha ruwa a moɗa ɗaya.

Abin da ake yi

Ƙaramin haƙori ba ya ciwo don ƙanƙantarsa. Yana da saiwa, yana da jijiya, yana cizo kamar ƴan'uwansa. Abin da yake bukata shi ne tsabta, domin abinci yana maƙalewa a filin da ke gefensa. A goge shi safe da dare, da asuwaki ko da buroshi, a kurkure baki bayan cin abinci.

Wanda yake son a gyara masa siffarsa, likitan haƙori yana iya yi. Yakan manna wani farin kwaɓi a jikin haƙorin, ya siffanta shi, ya haska masa wata fitila har ya ƙafe. Ko kuma ya yi masa rufi kamar hula. Irin wannan rufi an fi yin sa bayan yaro ya gama girma. Likitocin haƙori ba su da yawa a ƙasarmu, mafi yawansu kuma a Yamai suke, wajen kilomita 270 daga Dogonduci, ga aikin da tsada. Amma ba gaggawa a ciki. Ana iya yi bana, ana iya yi bayan shekara goma, ana iya bari har abada. Sai dai duk gyaran nan a kan haƙorin ake ɗora shi. In an cire shi, babu abin da za a ɗora wa, kuma na kusa da shi sukan karkato cikin giɓin.

Ban ce wanzami bai san aikinsa ba. Ya iya aski, ya iya ƙaho. Amma ba shi da hoton da zai nuna masa abin da ke cikin muƙamuƙi, kuma abin da aka ce ya cire shi zai cire.

Ɗalibata tana nan da haƙoranta biyu. Na rubuta kalmar a babban allo, na sa ƴan ajin duka suka raba ta biyu kamar yadda muka yi yanzu, kowa ya auna nasa haƙorin. Sai ga wani yaro cikin masu tsokanarta, shi ma na hagunsa milimita 4 ne, bai taɓa lura ba. Ban ce tsokana ta ƙare a ranar ba. Amma kafin hutun damina ta daina rufe baki idan tana karatu.

Tambayoyi

1. Haƙoran nono nawa ne? Na manya fa?
2. Daga waɗanne kalmomi biyu aka gina microdontie? Mene ne ma'anar kowace?
3. Wani tsoho haƙoransa sun side sun zama gajeru. Za mu ce yana da ƙanƙancin haƙori? Don me?
4. Me ya bambanta abin da ya sami yaran Tibirin Gobir da abin da ɗalibar nan take da shi?
5. Me zai faru da a ce wanzami ya cire haƙoran?

Aiki

Kowa ya wanke hannu, ya yanki ƴar siririyar takarda mai tsabta, tasa shi kaɗai. Ku duba madubi, ku ɗora takardar a kan haƙorin gaba na tsakiya, ku sa alama a gefe da gefe, sannan ku auna tsakanin alamun da ma'auni mai milimita. Ku sake yin haka da na gefe. Kada a sa ma'aunin aji a baki. Ku rubuta awon biyu a littafinku, ku rubuta kuma ko haƙorin na nono ne ko na manya. In kun je gida, ku roƙi wani babba ya buɗe muku bakin akuya ko tunkiya, ku ƙidaya manya nawa, ƙanana nawa, gobe ku zo mana da amsa.